Waiwaye: Yadda tarbar sababbin ɗalibai ta sauya a jami'o'in Najeriya

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan, ɗalibanta ɗari da 'yan kai ne. Kowa na kwana a cikin makaranta, a ci abinci tare a zaure ɗaya, kowane gidan kwana kuma yana da malamin da ke sa ido a kan mazaunansa. Sabon ɗalibi bai buƙaci dogon taro ba kafin ya san hanya, domin zaman yau da kullum ne ke koya masa. Haka Jami'ar Ahmadu Bello ta faro a Zariya a watan Oktoban 1962 da ɗalibai 426, adadin da a yau ajin shekarar farko na sashe guda ke iya zarcewa.

Daga 1975 aka samu ƙarin jami'o'in tarayya, ciki har da na Sakkwato, Maiduguri, Jos da Kano. A 1978 aka kafa hukumar JAMB, sai yara daga kowace kusurwa suka riƙa sauka a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Gadaje suka yi kaɗan, aka daina ciyar da ɗalibai a shekarun 1980, da yawa suka koma haya a Samaru ko Kabuga. Daga nan tarbiyyar da ake samu a gidan kwana ta koma wuyan ofishin kula da harkokin ɗalibai, wanda ya dunƙule ta a taron kwana ɗaya ko biyu: shugaban jami'a ya yi maraba, mai kula da laburare ya yi bayani, likita da shugaban tsaro su ja kunne, a watse.

Abin da ake faɗa a taron ma ya bi zamani. Bayan da 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ranar 10 ga Yulin 1999, gargaɗi kan ƙungiyoyin asiri ya samu babban gurbi, tare da satar jarrabawa da dokar sutura. Da rajista ta koma intanet kuma, sai aka ƙara bayanin shiga shafin makaranta.

Amma a ganina abin da ya fi cin sababbin ɗalibai shi ne tsarin kwasa-kwasai da maki da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1980, kuma shi ake yi wa gaggawa a taron. Yarinya ta fito daga sakandaren ƙauye, ba ta san kwas mai maki 3 ya fi mai maki 1 nauyi a CGPA (matsakaicin sakamakon duk kwasa-kwasan da ɗalibi ya yi) ba, ba ta san faɗuwa ɗaya za ta bi ta aji na gaba ba. Sai sakamakon zangon farko ya fito a allon sashe, ta tsaya tana bin lambarta da yatsa, sannan wani ya yi mata bayanin da ya kamata ta ji watanni huɗu da suka wuce. Ga kuma waɗanda sunansu ya fito a jeri na biyu ko na uku na waɗanda jami'a ta ɗauka, su iso an riga an yi taron.

Wannan giɓin, manyan ɗalibai ne suka daɗe suna cike shi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a 1954, da ta Kirista ta FCS, da ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya, su ke kafa tebura a bakin ƙofa, su raka baƙo banki da asibitin makaranta, su shirya darasin bita da yamma kyauta. Aikinsu abin yabo ne, sai dai ya dogara da sa'ar wanda yaro ya fara haɗuwa da shi. Kusan kowane sashe yana da malami mai kula da aji ɗaya, amma sau da yawa ɗaruruwa ne a hannunsa, ba ya wuce sa hannu a takardar rajista. Da za a raba masa 'yan aji uku da huɗu masu ƙwazo, kowanne ya riƙe sababbi goma har ƙarshen zangon farko, da masu zuwa a makare ma sun samu mai nuna musu hanya.