Ƙirga kalori kaɗai ba ya rage ƙiba

A Maradi na sha jin mata masu son rage ƙiba suna cewa kalori kalori ne, ko daga fanke ko daga wake, muddin lissafin bai wuce ba. Kalori dai ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki. Akwai gaskiya a ciki: jiki ba ya raguwa sai abin da yake ƙonawa ya fi abin da ake ba shi. Amma yunwa ba ta san lissafi ba.

Ɗauki kwalbar lemu ta santilita 33: kalori kusan 140, sukari giram 35. Kin shanye ta a tsaye, cikinki bai ma san an yi ba. Ƙwai biyu dafaffu su ma kalorinsu kusan hakan ne, amma za su riƙe ki har azahar. Wake, zogale da furar gero mai tsaki suna daɗewa a ciki saboda furotin (sinadarin gina jiki) da dusar da ke cikinsu. Har wajen narkar da furotin jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa, na mai kuwa bai wuce 3 ba.

A 2019 wani bincike a Amurka kan mutum 20 ya nuna cewa idan aka ba su abincin masana'anta, sukan ci kalori kusan 500 a rana fiye da idan aka ba su abincin da ba a sarrafa a masana'anta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke kwarara shi a kan shinkafa da wake, ba mai sa shi a lissafi.