Sake gina tsofaffin masallatai a kwamfuta

Sake gini a kwamfuta hanya ce ta fitar da siffar tsohon masallaci ko hubbare daga hotuna da awo, har a iya juya ta a duba kowane gefe. Ta fi amfani ga ginin ƙasa, domin damina na cin bango, yaɓe kuma na canja masa kama, sannan sau da yawa akan rushe tsohon soro a zuba siminti. A jihar Kebbi, garin Gwandu, inda jama'ar Shehu Usmanu suka sauka a 1805, kuma inda hubbaren ƙanensa Abdullahi yake, wuri ne da ya cancanci irin wannan aiki.

Da izinin liman da masarauta ake farawa, a kuma kauce wa lokutan salla. Mai ɗaukar hoto yana zagaya ginin taku-taku, kowane hoto ya maimaita wajen kashi 70 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Akan jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a bango domin awo ya fita daidai. Manhaja irin su Meshroom ke haɗa hotunan, a gyara siffar a Blender. Duka biyun kyauta ne.

Bangon da aka shafe da farar ƙasa shi ne babbar matsala, saboda manhajar na neman tabo ko tsaga da za ta gane a hotuna da dama, in babu sai siffar ta fito da ramuka. Ranar tsaka na jefa inuwa mai kaifi da ke manne wa siffar, ƙurar hunturu kuma na dusashe hoto. Hasken sassafe ya fi.

Sashen da ya riga ya rushe kuwa, hoto ba ya dawo da shi. Nan sai an koma ga tsofaffin magina. Azara ba ta ɗaukar rufin da ya wuce faɗin kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, don haka tazarar gindin ginshiƙai na nuna ko shimfiɗaɗɗen rufi aka yi ko bakan gizo, wato rufin da ake ɗorawa a kan lanƙwasassun bakuna na ƙasa. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, na taimakawa wajen kwatance, amma kuskure ne a kwaso adonsa a ɗora wa ginin Gwandu. Shi ya sa masu aiki da hankali ke ba abin da aka auna launinsa, abin da aka kintata daga bakin dattawa kuma launi daban.