Nisabi

Nisabi shi ne mafi ƙarancin dukiyar da idan Musulmi ya mallake ta zakka ta hau kansa. Kalmar Larabci ce da ta daɗe a bakin Hausawa, har akan ce "dukiyarsa ta kai nisabi" ana nufin mutum ya shiga sahun masu bayarwa. Nisabi na cikin tsofaffin ma'aunan wadata da har yau ake aiki da su, kuma ya bambanta da galibin ma'aunan zamani, domin bai dubi abin da mutum yake samu a wata ba. Abin da ya rage a hannunsa, shekara ta kewayo a kai, shi yake dubawa.

Asali

Mafi yawan malamai suna ganin an wajabta zakka da adadinta a Madina wajen shekara ta 2 bayan Hijira, wasu kuma sun kai abin gaba da haka. Alƙur'ani ya yi umarni da zakka, ya kuma lissafa rukunin mutane takwas da ake ba, amma adadin nisabi daga hadisi aka samo shi. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri ya nuna babu zakka a ƙasa da wasaƙi (wani babban ma'aunin hatsi) biyar na amfanin gona, ko raƙuma biyar, ko uƙiya biyar ta azurfa. Bayanin dabbobi dalla-dalla yana cikin wasiƙar da Sayyadina Abubakar ya rubuta wa Anas ɗan Malik lokacin da ya tura shi Bahrain.

Zinare da azurfa

Nisabin zinare miskali 20 ne, wato dinari 20. Na azurfa dirhami 200, domin kowace uƙiya dirhami 40 ce. Abin fitarwa ɗaya cikin arba'in ne, bayan shekara guda ta lissafin wata, mai kwana 354 ko kusa da haka.

Mayar da waɗannan zuwa giram ya dogara da nauyin dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga wajen shekara ta 77 bayan Hijira (696 zuwa 697 Miladiyya). Waɗanda suka tsira daga cikinsu suna da nauyin giram 4.25 ko kusa da haka. Daga nan aka sami giram 85 na zinare. Da yake dirhami goma daidai suke da miskali bakwai a nauyi, azurfa ta kama giram 595. A Indiya da Pakistan an fi bin lissafin tola, wani ma'aunin nauyi na can: bakwai da rabi na zinare, hamsin da biyu da rabi na azurfa, wanda ya ba da wajen giram 87.5 da giram 612.

A farkon Musulunci nisabin biyu kusan abu ɗaya ne, don dinari guda yana canzuwa a dirhami goma zuwa goma sha biyu. Yanzu sun rabu nesa. Azurfa ta faɗi ƙwarai tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da manyan ƙasashe suka daina jingina kuɗinsu da ita, har a watan Maris na 2020 giram ɗaya na zinare ya haura giram 120 na azurfa. Idan giram ɗaya na zinare yana sayen tamanin na azurfa, nisabin zinare ya ninka na azurfa fiye da sau goma sha ɗaya. Ke nan ɗan tireda mai ajiya kaɗan mawadaci ne a ma'auni guda, a ɗayan kuwa bai ko kusa ba.

Dabbobi da amfanin gona

Raƙuma biyar ana fitar musu da akuya ko tunkiya ɗaya. Shanu talatin maraƙi, arba'in saniya. Awaki da tumaki arba'in ana fitar da ɗaya, har su kai 121 a fitar da biyu, 201 a fitar da uku. Malikawa suna wajabta zakka ko da shanun noma ne ko waɗanda ake turkewa ana ba su harawa, saɓanin sauran mazhabobi uku da suka fi tsayawa kan masu kiwo a daji.

Wasaƙi ɗaya sa'i 60 ne, sa'i kuma mudun Annabi huɗu. Nisabin hatsi ya zama sa'i 300, wanda aka ƙiyasta da kilo 653 na alkama. Noman damina ushiri ne, ɗaya cikin goma, shi ya sa manomi a ƙasar Hausa yake ware dami ɗaya cikin kowane goma tun a gona. Wanda aka sha wahalar ban ruwa rabin haka ne. Abu Hanifa bai sa wa amfanin gona nisabi ba.

Me adadin yake nufi

Shah Waliyullah na Delhi (1703 zuwa 1762) ya bayyana cewa wasaƙi biyar, haka ma dirhami 200, su ne abin da zai riƙe ƙaramin gida na miji da mata da mutum na uku tsawon shekara. A wannan fahimta nisabi ba adadi ne kawai ba: guzurin shekara ne da ya yi saura bayan an ci an sha.

Tarihin Kano ya ba da wata shaida mai ƙarfafa wannan. Matafiyin Jamus Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga birnin a 1851, lokacin da wuri ne kuɗin kasuwa. Ya rubuta cewa wuri 2,500 suna daidai da liyari ɗaya na azurfa, kuma da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su yi shekara cikin rufin asiri, har da sutura. Liyarin Maria Theresa, wato tsabar kuɗin azurfa ta ƙasar Austriya, yana ɗauke da tsantsar azurfa wajen giram 23. Idan aka raba giram 595 a kan haka, za a sami liyari 25 da 'yan kai, wato wuri dubu sittin da wani abu. Nisabin azurfa a Kano ta wancan zamani ya yi kusan daidai da cin shekarar iyali, fiye da shekara 1,200 bayan an ajiye shi. Yau kuwa kuɗin azurfa giram 595 da wuya su kai magidanci ƙarshen shekara a yawancin birane, kuma wannan ne ginshiƙin hujjar masu cewa a koma ga zinare.

Mai nisabi mawadaci ne?

A nan mazhabobi suka rabu. Hanafawa sun kafa hujja da umarnin da Annabi (SAW) ya ba Mu'azu ɗan Jabal da zai tafi Yaman, cewa a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. A wurinsu duk wanda ya mallaki nisabi bayan buƙatunsa na dole mawadaci ne, ba a ba shi zakka. Malikawa sun auna da isar shekara: mai iyali da yawa wanda abin hannunsa ya kai nisabi amma ba zai kai shi baɗi ba, zai fitar, kuma ya halatta a ba shi. Wannan hukunci yana da tausayi a ciki, kuma ya dace da halin manomin da rumbunsa ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna. Shafi'awa ma da isa suke aunawa. An ruwaito daga Ahmad ɗan Hanbal iyakar dirhami 50.

Gidan zama, abin hawa, tufafi da kayan sana'a ba sa shiga lissafi. Kayan adon mata akwai saɓani a kansu.

A yau

Kuɗin takarda da na banki ana auna su da ɗaya daga cikin ƙarafan biyu. Yusuf al-Ƙardawi da malamai da dama na zamani sun zaɓi zinare. Masu zaɓar azurfa suna cewa ita ta fi amfanar talaka, tunda masu bayarwa za su yawaita. Malesiya da Indonesiya suna bin giram 85 na zinare. Pakistan, bisa dokar 1980, tana cire zakka daga asusun ajiya a ranar farko ta Ramadan da ma'aunin azurfa.

A arewacin Najeriya an kafa hukumomin zakka a jihohi da dama bayan dawo da Shari'a da Zamfara ta fara a 1999. Sukan sanar da nisabi da naira bisa farashin zinare, tare da mafi ƙarancin sadaki, wato rubu'in dinari, da diyyar rai, dinari 1,000. Adadin yana tashi duk lokacin da zinare ya hau ko naira ta faɗi.

Bankunan duniya suna da nasu ma'aunin: dala miliyan ɗaya ta kuɗin juyawa, ban da gidan zama, ita ce matakin farko na attajiri a wurinsu.