Waiwaye: Shingen Maigatari da allurar bushiya da aka manta

Tun da Najeriya ta sake buɗe iyakarta da Nijar a watan Maris na 2024, ake ta ja-in-ja kan shingen duba lafiyar dabbobi da amfanin gona a garuruwa irin su Maigatari. Fatake na kukan jinkiri ranar Alhamis, lokacin da kara ke cika da shanu, raƙuma da tumaki daga ɓangaren Damagaram. Wasu kuma na cewa a ƙara tsaurarawa kada cuta ta shigo. Kowa na magana kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. Bushiya, wato annobar da ke kashe shanu, ta share garkuna a shekarun 1890, Turawa suka shata iyaka ta ratsa burtali, aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1962. A shekarar ce Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suka fara gangamin allurar bushiya na haɗin gwiwa, wanda ake kira JP15. Malaman dabbobi ba su zauna jiran shanu a bakin hanya ba. Su suka bi makiyaya har ruga da mashaya, su yi allura, su tsaga kunnen saniya don a san an yi mata. Dillali a kara yana kama kunne ya san matsayin dabba, ko daga wace ƙasa ta fito. Cutar ta yi ƙasa sosai, har aka ɗauka an gama da ita.

Da shirin ya ƙare a 1976, sai bibiya ta yi sanyi a yankin baki ɗaya. 'Yan maruƙan da aka haifa daga baya suka girma ba allura. Ƙwayar cutar kuwa tana nan a ɓoye a wasu lunguna na Mali da kudancin Sudan, kuma a farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi wa makiyayan Najeriya mummunar ɓarna. A ganina daga nan ne nauyin ya karkata: aikin da ake yi a daji tare da maƙwabta ya koma kan 'yan ma'aikatan da ke tsaye a shinge. Sai da aka sake gangamin nahiya daga 1986, aka koma bin garke, kafin a ayyana ƙarshen bushiya a duniya a 2011.

Yanzu cututtukan da ake fargaba su ne ciwon huhu da ciwon baki da kofato. Saniyar da ta kamu shekaranjiya tana iya wuce shinge tana tuƙa lafiya ƙalau, ba tari ba dalala, kuma mai duba ta minti kaɗan gare shi kafin mota ta tashi zuwa kudu. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, yawancin garkuna kuma ta burtali suke ƙetarawa, nesa da kwalta.