Waiwaye: Daga ƙwaryar burkutu zuwa kofin inabi a Jos

A hunturun bara na je filin jirgin sama na Heipang ɗauko wani abokin aikinmu da ya sauko daga Legas. Ba mu kai Mararrabar Jama'a ba ya juyo ya ce, "Malam, ina ne ya fi a garin nan idan mutum yana son ya zauna ya sha giyar inabi mai kyau?" Na ce masa ai ba a tambayar kaza hanyar rafi, ni iyakata shayi da kunun aya. Direbanmu ne ya fid da ni kunya. Ya ce, "Oga, in kana son wurin da babu mai ganinka, Rayfield ko tsohuwar GRA. In kiɗa da hayaniya kake so, West of Mines. In kuma ta gargajiya ce, sai mu gangara Kugiya a Bukuru." Baƙon ya yi dariya. Ni kuwa na lura cewa cikin numfashi ɗaya direban ya jera mutanen garin hawa uku, kowa da inda ake sa ran ganinsa. Jerin nan ya girmi direban, ya girmi mahaifinsa ma.

Kafin Bature ya hau dutsen nan, giya abinci ce kuma kuɗi ce a wurin yawancin ƙabilun Filato. Berom da Afizere da Anaguta da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Goemai, kowa da sunan da yake kiranta, amma dawa ce ko gero. Da ita ake biyan masu gayya, da ita ake neman aure, da ita ake rufe makoki. Wani masanin Amurka, Robert Netting, da ya zauna da mutanen Kofyar a farkon shekarun 1960, ya rubuta cewa kusan duk wata hulɗa mai muhimmanci a tsakaninsu sai giya ta ratsa ta. Mu ma Hausa kada mu yi saurin ɗaga hanci: kalmar "giya" tamu ce, Maguzawa sun dafa ta, kuma da babu masu sha a ƙasar Hausa da malaman jihadi ba su ɓata tawada suna wa'azi a kanta ba.

Dokar farko daga Turai ta zo. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda ta ce a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yi saiwa ba. Da Lugard ya kafa mulki a Arewa a 1900 sai ya riƙe wannan da hannu biyu, domin ta dace da alkawarin da yake yi wa sarakuna cewa ba zai taɓa addini ba. A Kudu kuwa labarin daban ne: harajin giyar "gin" da sauran barasar da jiragen ruwa ke saukewa ya kai kusan rabin kuɗin shigar gwamnati kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka haɗe ƙasar a 1914, daga baitulmalin nan na Kudu aka riƙa cike giɓin kasafin Arewa. Wato Arewa ba ta sha ba, amma ta ci kuɗin. Wanda ya saurari cacar bakin da aka yi a 2021, lokacin da wasu suka yi ta cewa ba adalci ba ne jihohin da ke fasa kwalabe su karɓi kason harajin VAT na giya, ya sani cewa gardamar ta haura shekara ɗari.

Jos ce ta zame wa dokar ƙashin kifi a wuya. A farkon shekarun 1900 Henry Laws ya kafa sansani a Naraguta don neman kuza, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, a 1915 aka ba garin matsayin gari na hukuma, a 1927 kuma layin dogo daga Fatakwal ya iso. Turawa suka cika Rayfield da Anglo-Jos da Bukuru, ga akawuna da makanikai daga Kudu da Gana da Saliyo, ga dubban leburori daga Kano da Borno da Bauci da Sakkwato. Doka ɗaya ba za ta ɗauki waɗannan duka ba, sai aka yi ta hawa-hawa. Bature yana shan wiski da giyar inabinsa a kulob da otal, ga filin golf na Rayfield tun 1913, ga Hill Station daga 1938. Akawu ɗan Kudu sai ya nemi takardar izini. Ɗan Arewa kuwa, ko Musulmi ko ba Musulmi ba, kwalbar Bature ta haramta gare shi. Abin da ya rage masa shi ne ƙwarya.

Kakana ya ɗauki kwano a haƙar kuza wajen Barikin Ladi, kuma har ya rasu in ya ce wane "ɗan bariki ne" to ya gama zaginsa. Yakan ce ranar biya kuɗin lebura ba ya kwana: ga mai caca ya shimfiɗa tabarma, ga makaɗi, ga gidan magajiya, ga mai burkutu da tulunta. Kamfanoni ba su damu ba, don leburan da ya ƙarar da kuɗinsa ranar Lahadi dole ya koma rami ranar Litinin. A nan burkutu ta tashi daga abin gayya ta koma haja.

Na ga yadda ake dafa ta da idona, domin kafin rikicin Jos akwai wata maƙwabciyarmu, Mama muke ce mata, da ta yi wannan sana'ar shekara da shekaru. Takan jiƙa dawa, ta baza a ƙasa ta rufe da buhu tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, sannan ta shanya a kan fa. Mu yara aikinmu korar kaji da awaki. In ta bushe a kai inji, a dama, a dafa a manyan tukwane ko rabin duro, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a zuba ɗan ragowar ta jiya a ciki don ta tashi. Aikin mako guda ne, ga cin itace, ga hayaƙi a ido, abin kuma in ya wuce kwana biyu ya lalace. Dusar ta masu aladu ce. Da wannan tukunyar ta kai 'ya'ya huɗu sakandare. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga rumfar ba, kuma an ja mana kunne a kanta, amma ranar Sallah da kwanon tuwonmu ake fara kai mata, ranar Kirsimeti kuma shinkafarta ce ke fara shigowa, da kazar da mahaifina ya yanka mata.

Ba masallaci kaɗai ya yaƙi tukunyar Mama ba. Mishanonin SIM da SUM, waɗanda suka haifi majami'un ECWA da COCIN, duka biyu masu hedikwata a Jos, sun sa barin giya ya zama alamar tuba. Katolika sun fi sassauci. Shi ya sa har gobe za ka sami fasto da liman da ba sa ga-maciji a kan komai, amma a kan giya bakinsu ɗaya. Ta fuskar doka kuma, Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba, ya ƙyale wanda ba Musulmi ba muddin bai yi tambele a bainar jama'a ba.

Bayan 'yanci kwalba ta sauko ƙasa. Giyar Star ta fara fitowa a Legas a 1949, kamfanin da ke yin ta ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, sannan a 1975 Jos ta sami tata, Jos International Breweries, mai yin Rock, a kan hanyar Bukuru. Ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da soja daga barikin Rukuba suka sami abin da za su ɗora a tebur ba tare da sun tsuguna a rumfa ba. Kamfanin ya yi gonar BARC a Zallaki, ya riƙe ƙungiyar ƙwallo, JIB Strikers, wadda ta rikiɗe ta zama Plateau United. Masu tsallen murna da kofin 2017, har da 'yan unguwarmu, kaɗan ne suka san daga ina ƙungiyar ta fito. Manya kuma a shekarun arzikin mai sun koma shampen, har gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana shigo da shi. Abin da ya fi ba ni dariya a wannan zangon shi ne 1988, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin giya suka rasa mafita sai dawa. Hatsin da ake yi wa kallon na ƙauyawa ya shiga koriyar kwalba, aka manna masa takarda, aka ninka kuɗinsa. Ita JIB daga baya ta durƙushe, kamar yadda kuza ta durƙushe bayan faɗuwar farashinta a 1985.

Daga 2000 abubuwa biyu suka sake zana taswirar. Na farko shari'a: Zamfara ta fara, jihohi 12 suka ɗauka, har da maƙwabciyarmu Bauci. A Kano Hisba ta taka kwalabe 240,000 da motar daɓe titi a rana ɗaya a 2013. Filato ba ta cikin jerin, kuma masu otal a Jos sun san lambobin motocin da ke cika harabarsu daren Juma'a. Na biyu shi ne rikicinmu na gida: 7 ga Satumba 2001, sai 2008, sai 2010, sai bama-baman jajibirin Kirsimeti a Angwan Rukuba da Gada Biyu, sai na kasuwar Terminus a 2014. Gari ya rabe. Mama ta kwashe tukwanenta ta bar unguwarmu, ba mu sake ganinta ba. Dokar hana fita ta koya wa mutane komawa gida da wuri, hana acaɓa a 2012 ya ƙarasa sauran. Wurin da ake zama a fili, kowa da kowa, ya zama abin tsoro. Mai mota ya nemi inda akwai katanga da maigadi da na'urar bincike a ƙofa, kuma kuɗi ya bi gidan gwamnati zuwa Rayfield.

A cikin wannan katangar aka haifi abin da baƙona yake nema. Na shiga irin wurin sau biyu, duka don taron aiki. Fitila ja-ja, kujeru masu laushi, kwalabe kwance a bango kamar littattafai, yarinya ta kawo kofi mai dogon wuya ta tsaya tana jiran a ɗanɗana. Kayan duk na jirgi ne: Afirka ta Kudu, Sifen, Italiya, Faransa, Kalifoniya. Matasa "wayin" suke cewa, mutanen coci sun saba da "ruwan inabi" na Littafi Mai Tsarki. Abin da aka fi saye shi ne ja mai zaƙi, irin su Four Cousins da Carlo Rossi, ana kora gasasshen kifi ko tsire da shi, ko da masana na yamutsa fuska. A gefe kuma akwai kwalaben da ba su da maye, Eva da Chamdor da Pure Heaven, waɗanda suka mamaye dinar aure a Angwan Rogo da Tudun Wada baki ɗaya. Hajiya da matar fasto duk suna son ƙarar murfin da kumfar, ba sa son zunubin. Inabin da ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna kuwa a tire yake ƙarewa a bakin titi, kusa da strawberry ɗin Vom.

Ra'ayina shi ne abin da ake saya a waɗannan wurare rabi giya ne, rabi sirri. Kulob ɗin Bature ne ya dawo, sai dai yanzu kuɗi ke tsaron ƙofa ba launin fata ba. Tun da aka saki Naira a 2023 kuɗin kwalbar ya yi tashin gwauron zabi, jabu kuma ya samu kasuwa: a Disambar shekarar NAFDAC ta rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Eziukwu ta Aba, inda ake haɗa giyar inabi ta bogi ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Wanda ya biya kuɗin Faransa ba lallai Faransa ya sha ba.

Jikokin leburan kuza kuwa ko burkutu sun rage sha, don ita tana cika ciki kafin ta bugar. Sun koma goskolo, haɗin ogogoro da abin da mai haɗawa kaɗai ya sani, da 'yan ledojin barasa da ake sayarwa a tasha a farashin da bai kai na biredi ba. Likitoci a Jos sun daɗe suna kuka da hanta da ƙodar samari, limamai da fastoci sun yi wa'azi har murya ta dishe. A farkon 2024 NAFDAC ta ce ta haramta ledojin da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga, aka ja baya a lokacin. Motar sintiri dai in ta fito kame, rumfa da "jungle", wato maɓoyar 'yan shaye-shaye, take nufa. Ban taɓa jin an bi ta ƙofar mai maigadi ba.

Baƙona ya je Rayfield a daren, da safe ya ce wurin ba laifi, amma bai ga bambancinsa da na Lekki ko Wuse 2 ba, sai dai sanyi. Ya roƙi direba ya kai shi Kugiya kafin jirginsa. Ni a mota na zauna, gilashi a sauke, warin tsami da hayaƙin itace suna shigowa. Na hango shi a kan benci tsakanin wani tsoho mai hular sanyi da wani ɗan kwangilar yashi, matar ta ɗauraye ƙwarya a bokiti ta miƙa masa ɗan ɗanɗano kyauta, kamar yadda Mama take yi wa sabon baƙo. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, suka bushe da dariya. Da ya nemi a ɗura masa a gora ya tafi da ita Legas, sai matar ta girgiza kai ta ce, "Oga, kafin ka sauka ta fasa gorar."