Sunan Yesu, Warkarwa da Gafara: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa Kirista ke rufe addu'a da "cikin sunan Yesu"?

Sunan kansa saƙo ne. Daga Ibrananci ya fito, Yeshuwa, wato Ubangiji mai ceto ne. A Matiyu 1:21 mala'ika ya umarci Yusufu ya raɗa wa yaron wannan suna domin shi ne zai ceci mutanensa daga zunubansu. Ɗan aike idan ya ce "Sarki ne ya aiko ni", darajar sarki ce ke buɗe masa ƙofa. Haka mai addu'a yake tsayawa gaban Allah, da darajar Almasihu.

A ina aka ga sunan ya warkar da wani?

A Ayyukan Manzanni sura 3. Da ƙarfe uku na yamma manzannin Yesu, Bitrus da Yahaya, za su shiga Haikali a Urushalima. A bakin ƙofar da ake kira Kyakkyawa akwai wani gurgu tun daga ciki, ya haura shekara 40, kullum sai an ɗauko shi an ajiye yana bara. Ya zuba musu ido yana jiran sadaka. Bitrus ya ce ba shi da azurfa ko zinariya, amma abin da yake da shi zai ba shi: cikin sunan Yesu Almasihu Banazare, ya tashi ya yi tafiya. Ya kama hannunsa na dama ya ɗaga shi. Nan take idon sawunsa ya yi ƙarfi, ya daka tsalle, ya bi su ciki yana yabon Allah. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Bitrus ya hana taron su zuba musu ido kamar ikonsu ne ya yi aikin.

Mece ce haɗin warkarwa da gafara?

A Kafarnahum mutum huɗu suka buɗe rufin gida suka zura shanyayye gaban Yesu. Kafin ya ce masa ya ɗauki shimfiɗarsa, sai da ya ce an gafarta masa zunubansa. Ciwon zunubi ya fara dubawa, warkar da jikin kuma ta zama shaida cewa yana da ikon gafara.

To, sunan kamar laya ne ke nan?

Ko kaɗan, kuma nan ne da yawa daga cikinmu ke tuntuɓe. A Afisa 'ya'yan wani firist Bayahude mai suna Sikeba su bakwai suka ari sunan don korar aljani, alhali ba su san mai sunan ba. Aljanin ya ce ya san Yesu, ya san Bulus, su fa su wane ne? Mutumin da ke da aljanin ya faɗa musu da duka, suka fita a guje tsirara da raunuka. Maimaita sunan sau ɗari da ƙaraji ba ya ƙara masa iko, kuma ba a sayar da shi a kwalbar mai.

Wanda aka yi wa addu'a bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza?

Kada a ɗora wa majinyaci wannan kaya. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Bulus ne kuma ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas ba lafiya, yana kiran Luka ƙaunataccen likita. Yakubu a wasiƙarsa ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa mai cikin sunan Ubangiji, bai hana magani ba. Asibitin Galmi a Nijar, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, har yau ana addu'a a cikinsa ana kuma yin tiyata.

Akwai zunubin da ya fi ƙarfin gafarar?

Luka 24:47 ta ce a yi shelar tuba da gafarar zunubai cikin sunansa ga dukan al'ummai, a fara daga Urushalima, garin da aka gicciye shi. Wanda ya tashi ya fara wannan shela ranar idin Fentikos kuwa Bitrus ne, mutumin da makonni bakwai kafin nan, a bakin wuta, ya yi musu sau uku, ya ce bai san Yesu ba.