Kwandalolin 'Yan Kasuwa Na Yaƙin Basasar Amurka: Me Doka Ta Hana, Me Ta Bari?

Wanda ya fara sha'awar tara kwandalolin da 'yan kasuwar Amurka suka buga wa kansu a lokacin yaƙin basasar ƙasar ba zai jima ba sai ya ji an ce masa ai tun 1864 aka haramta su. Haka ne, an haramta, kuma dokar tana nan da ranta har gobe. Amma duk da haka ana sayar da su a fili a gidajen gwanjo da shagunan tsofaffin kuɗi, akwai ma ƙungiya sukutum ta masu tara su da aka kafa tun 1967, ba wanda ɗan sanda ya taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa don ya ajiye su a aljihun tebur. Yadda aka yi haram da halak suka kwana ɗaki ɗaya a nan, sai an koma ga kalmomin dokar kansu.

Asalin abin rashin canji ne. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. A ƙarshen Disambar shekarar bankuna suka daina biyan mutane da zinariya, a Fabrairun 1862 kuma gwamnati ta yi dokar fitar da kuɗin takarda da babu zinariya a bayansa. Jama'a ba su yarda da takardar ba, don haka kowa ya ƙulle tsabarsa. Zinariya ta fara ɓacewa, azurfa ta bi ta, daga ƙarshe har senti ɗaya, wanda jan ƙarfe ne kashi 88 da nikel kashi 12, ya zama abin nema. Duk wanda mai kanti ya taɓa miƙa wa alawa biyu ya ce "ba canji" ya san irin wannan ƙunci, sai dai nasu ya kai ga mutum ba ya iya biyan kuɗin jarida ko na keken doki. An gwada kan sarki na gidan waya a matsayin kuɗi, sai ya riƙa mannewa a hannu yana yagewa. A ƙarshen 1862 masu sassaƙa hatimi a birnin Cincinnati suka fara buga ƙananan kwandalolin jan ƙarfe daidai girman senti, a 1863 New York ta kama. Ƙiyasin da masana harkar suka saba bayarwa shi ne kimanin miliyan 25 ne suka shiga hannun jama'a, iri dubbai.

Kashi uku ake raba su. Akwai na talla, masu ɗauke da sunan mai shago da adireshinsa da abin da yake sayarwa. Akwai na kishin ƙasa, waɗanda ba sunan kowa a kansu sai tuta ko igwa ko wani kirari. Mafi shahara shi ne mai ɗauke da umarnin John Adams Dix, sakataren baitulmali a farkon 1861, cewa duk wanda ya nemi sauke tutar ƙasa a harbe shi nan take. Na uku su ne na 'yan tireda masu lasisin bin rundunar soja suna sayar musu da taba da kayan gwangwani. Waɗannan sun fi wuyar samu, sun kuma fi tsada.

Masu bugawa sun san suna taka bakin doka. Shi ya sa za ka ga kwandala da kan mace mai hular fuka-fukai kamar na senti na gaskiya, ka juya baya ka ga an rubuta NOT ONE CENT, wato "ba senti ɗaya ba ne", a wasu an ƙanƙanta kalmar farko yadda sai ka ƙura ido. Dabarar ita ce in an kai ka gaban alƙali ka ce ai ni na rubuta ba kuɗi ba ne.

Abin da ya fusata hukuma shi ne babu tabbacin fansa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Gustavus Lindenmueller, mai gidan giya a New York, wanda ya saki kwandaloli kimanin miliyan ɗaya a 1863. Kamfanin jirgin titi na Third Avenue ya karɓi tuli daga fasinjoji a matsayin kuɗin mota, da ya kai masa ya canja su da kuɗin gaske, mutumin ya ƙi, kamfanin kuma ya rasa dokar da zai kama shi da ita. Ka duba ribar: abin da ka buga a ƙasa da senti ɗaya ka bayar a senti ɗaya, ba ka da niyyar karɓarsa kuma.

Sai majalisa ta yi doka biyu a jere. Ta 22 ga Afrilun 1864 ta sauya senti ɗaya zuwa tagulla marar nauyi, jan ƙarfe kashi 95, ta kawo sabuwar kwandalar senti biyu, sannan ta ce duk wanda ya ƙera ko ya fitar ko ya kashe wani ƙarfe da nufin ya gudana a matsayin senti ɗaya ko biyu, tarar da za ta iya kai dala 1,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara 5 na jiransa. Ta 8 ga Yuni ta faɗaɗa hanin ya haɗa kowace irin kwandala mai zaman kanta. A ganina sauya sentin ya fi hanin aiki: da gwamnati ta cika kasuwa da senti mai araha wanda ba wanda zai wahala ya ɓoye, buƙatar na 'yan kasuwa ta mutu da kanta. Gwamnatin ta kwaikwayi 'yan kasuwar ne, don su suka nuna mata jama'a za su karɓi siririn jan ƙarfe ba gardama.

Jikar wannan doka ita ce sashe na 486 na kundi na 18 na dokokin tarayyar Amurka. A taƙaice tana cewa: duk wanda, ba tare da izinin doka ba, ya ƙera ko ya fitar ko ya kashe kwandalar zinariya ko azurfa ko wani ƙarfe wadda aka yi da nufin ta zama kuɗin da ke gudana, ko ta yi kama da kuɗin Amurka, ko na wata ƙasa, ko ma zanenta sabo ne fil, za a ci shi tara ko a ɗaure shi har shekara 5, ko duka biyun.

A lura da ayyukan da aka lissafa: ƙerawa, fitarwa, kashewa. Babu mallaka, babu ajiyewa, babu sayarwa a matsayin kayan tarihi. Kuma duka ukun an ɗaure su da sharaɗi ɗaya, wato nufin abin ya gudana a matsayin kuɗi. Idan ka sayi kwandalar Lindenmueller, mai hoton dattijo da gemu, ka ba da dala ka karɓi kaya ne, kamar yadda za ka sayi tsohon takobi. Ba ka miƙa ta a matsayin senti ba, wanda ya sayar maka ma bai ce kuɗi ba ce. Nan ne mai tarawa ya tsira.

Kada a ɗauka dokar ta zama tsohon zance. Wani mutum mai suna Bernard von NotHaus ya fara fitar da kwandalolin azurfa da ya kira Liberty Dollar a 1998, yana kwaɗaitar da mutane su riƙa ciniki da su. A Nuwambar 2007 jami'an tarayya suka kai samame ofishinsa a Evansville ta jihar Indiana, a Maris ɗin 2011 kotu a North Carolina ta same shi da laifi, cikin tuhumomin har da na wannan sashe. Azurfarsa ta gaske ce, ba jabu ba. Abin da ya kayar da shi shi ne nufin ta yi gogayya da dala a kasuwa.

Wani zai ce to yaya aka ci gaba da ganin kwandalolin shaguna bayan 1864, masu cewa a ba mai wannan kayan senti biyar? Kotun ƙolin Amurka ta taɓa wannan a shari'ar Van Auken, a kan wata doka 'yar uwar wannan ta Yulin 1862 da ta hana fitar da takardun ƙasa da dala ɗaya don su gudana kamar kuɗi. Kotun ta ce takardar da ba a fansarta sai da kaya a shago guda ba ta shiga hanin ba. Don haka in ka ga irin wannan rubutu kada ka yi saurin cewa ta zamanin yaƙi ce. An yi ta buga irinsu shekaru da yawa bayan an ajiye bindiga, kuma mai sayarwa marar tsoron Allah zai iya haɗa maka su a kaso ɗaya.

Dokar da ta fi shafar aljihun sabon shiga ita ce ta 1973, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu don kare masu tara tsofaffin kuɗi da kayan kamfen siyasa. Ta ce duk kwaikwayon tsohon kuɗi da aka ƙera a Amurka ko aka shigo da shi don sayarwa, dole a buga masa kalmar COPY ɓaro-ɓaro yadda ba za ta goge ba. Ma'anar "tsohon kuɗi" a dokar ta ambaci kwandalolin 'yan kasuwa da sunansu, tare da kuɗin takarda da lambobin tunawa, don haka namu suna ciki. Hukumar kula da ciniki ta tarayya, FTC, ita ta shimfiɗa ƙa'idar dalla-dalla: da manyan baƙaƙe, da Turanci, a fuska ko a baya, ba a gefe ba, kuma a nutsa rubutun cikin ƙarfen. Tsawon kalmar kada ya gaza milimita 6 ko rabin faɗin kwandalar, tsayin harafi milimita 2 ko kashi ɗaya cikin shida na faɗin, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. A kwandala mai faɗin milimita 19, wannan rubutu ne da ido zai gani ba sai da gilashi ba.

Dokar ta 1973 ta zo da ɓaraka: ta kama mai ƙerawa da mai shigowa da kaya, ta bar mai sayarwa. A Disambar 2014 aka toshe, aka haɗa da mai sayarwa da duk wanda ya ba da gagarumin taimako alhali ya sani ko ya kamata ya sani. Wanda abin ya shafa yana iya kai ƙara kotun tarayya da kansa ya nemi a dakatar da cinikin a kuma biya shi diyya, jami'an kwastan kuma suna iya ƙwace kayan a bakin shiga.

To amma a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Ganin COPY hujja ce cewa kwaikwayo ne. Rashin ganinta ba hujjar komai ba ce, don ɗan damfara ba ya buga wa kayansa tambarin tona asiri, wani ma yana kankare wanda aka buga. Ga kuma iyakar ƙasa. Dokar ta Amurka ce. Idan kana Kano ko Yamai ka yi oda ta intanet daga wata ƙasa ta uku aka aiko maka kai tsaye, kayan bai ratsa Amurka ba, ba ka da wata FTC da za ka kai wa kuka. Ko daga Amurkar ka saya, wa zai ɗauki lauya a can kan kwandalar 'yan daloli? Abin da ya rage maka shi ne sharaɗin mayar da kaya, a rubuce, kafin ka biya.

Sauran kariyar tana hannunka. Kwandalolin asali bugu ne, an matse ƙarfe tsakanin hatimi biyu, don haka bakin haruffa yana da kaifi ko da ya sha hannu. Na zubi yakan zo da ƙananan ramuka kamar ƙuraje, haruffa a narke, wani lokaci da siririn layi a gefe inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Ƙaramin sikeli mai auna giram da gilashin ƙara girma sun fi kowace rantsuwar mai kaya amfani. Sannan ka koyi lambar Fuld, tsarin da Melvin Fuld da ɗansa George suka shimfiɗa wanda kowa ke amfani da shi. A na talla lambar tana farawa da jiha, sai lambar gari, sai harafin mai shago, sai iri, sai ƙaramin harafi na ƙarfe: NY630 birnin New York ke nan, OH165 Cincinnati, harafin a a ƙarshe jan ƙarfe. A na kishin ƙasa kuwa lamba biyu ce, ta hatimin fuska da ta hatimin baya. Akwai ma'aunin ƙaranci daga R-1, wanda aka ƙiyasta adadinsa ya haura 5,000, zuwa R-10, tilo a duniya. Mai hankali yakan fara da R-1 da R-2 na jan ƙarfe, ba masu tsada ba ne, kuma ba su ne masu jabu suka fi wahala a kansu ba. In ka kai ga masu tsada, nemi wanda kamfanin tantance kwandaloli irin NGC ya tantance ya rufe a gidan roba, ka kuma duba lambar da ke jikin robar a shafinsu, don ita ma robar ana yin jabunta; gyaran 2014 ya taɓa wannan ma.

Wani abu da doka ba ta hana ba amma kasuwa take hukuntawa shi ne wanki. Hannunmu ya saba da ganin jan ƙarfe ya yi duhu a kawo toka da lemon tsami. Kada ka kuskura. Wannan launin ƙasa-ƙasa da ya ɗauki sama da shekara 160 yana zama shi ake saya, kwandalar da aka goge tana ƙyalli kuwa darajarta ta zube, kuma masu tantancewa za su rubuta a jikin robar cewa an wanke ta.

Ga waɗanda ke zaune a Amurka akwai ƙarin gargaɗi ɗaya. Kwandalolin 'yan tiredan soja sukan fito daga ƙasa a tsofaffin sansanoni, abin da ke jan wasu su sayi na'urar gano ƙarfe. A filayen daga da ke ƙarƙashin hukumar gandayen ƙasa, kamar Gettysburg, ko riƙe na'urar a haɗe laifi ne, balle haƙa, kuma dokar kare kayan tarihi ta 1979 tana iya hawa kan wanda ya tono abu a filin gwamnatin tarayya. A gonar mutum kuwa sai da izinin mai gona. Idan mai sayarwa ya ce maka tono kayansa aka yi, tambaye shi a ina, ka kuma sa ya rubuta amsar a rasit.